Tarihin barewar Amurka: yadda ta kusa ƙarewa, da dokokin farautar da suka maido ta

 Tarihinmu na yau zai ƙetara teku zuwa Amurka, amma magana ce da duk wanda ya taɓa cin naman daji ko ya san gidan mahalba zai gane ta.

A wajajen shekarar 1900, bareyin da suka rage a duk faɗin Amurka ba su wuce 500,000 ba, wasu masana ma sun ce 300,000. Ƙasa ce fa da ta ninka Nijar girma fiye da sau bakwai, kuma an ƙiyasta cewa kafin zuwan Turawa bareyin cikinta sun kai miliyan 25 zuwa 30. Abin ya kai a wasu jahohin in aka hangi barewa guda sai labarin ya fito a jarida. Yau sun koma kusan miliyan 30, kuma kowace shekara mahalba na kashe wajen miliyan 6 bisa doka, garken bai ragu ba. To yaya aka yi dabbar da ta kai bakin ƙarewa ta dawo, alhali har gobe ana farautarta?

Bari mu fara da ita dabbar. Barewa muke ce mata don shi ne sunan da ya fi kusa, amma ta ɗan bambanta da tamu ta sahel. Ta fi tamu girma, ƙarƙashin wutsiyarta fari ne fat, in ta firgita sai ta ɗaga shi tana gudu. Namijin kaɗai ke da ƙaho, ƙahon kuma rassa gare shi kamar icce, yana faɗuwa duk shekara wani ya tsiro. Barbararsu a watan Nuwamba ne, haihuwa a Mayu da Yuni, kuma macen da ta samu abinci sosai tagwaye takan haifa. Ku riƙe wannan, don a bisa shi aka gina yawancin dokokin da za mu ambata.

Turawan Ingila da suka fara zama a Amurka sun tafi da wani tsohon haushi a zuciya. A ƙasarsu ta asali barewa ta sarki ce. Bayan da Sarki William ya ci Ingila da yaƙi a 1066, ya keɓe manyan dazuzzuka don farautarsa, talakan da ya halbi barewa a ciki ana iya makantar da shi. A 1217 aka rubuta wata takardar yarjejeniya da ta hana kashe mutum ko yanke masa gaɓa saboda barewar sarki. Sai ga shi a 1723 majalisar Ingila ta sake yin wata doka: duk wanda aka kama da makami, ya shafe fuskarsa da baƙi ko ya ɓad da kama yana farautar barewa, hukuncinsa rataya ne. Shekara ɗari wannan doka ta yi tana aiki. Shi ya sa da suka isa sabuwar ƙasa suka ce a nan kam daji na kowa ne, ba sarki ba attajiri. Magana mai daɗin ji, sai dai abin da yake na kowa da wuya ya samu mai tsaronsa.

Ba a daɗe ba suka fara ganin alama. A 1646 wani ƙaramin gari mai suna Portsmouth, a yankin Rhode Island, ya hana halbin barewa daga 1 ga watan Mayu zuwa 1 ga Nuwamba, wato lokacin haihuwa da shayarwa. Tarar fam biyar ce, rabi na wanda ya kai ƙara, rabi na baitulmalin gari. A 1718 yankin Massachusetts ya rufe farautar barewa ɗungurungum har shekara uku, a 1739 kuma ya sa garuruwa su naɗa mutanen da za su riƙa kama masu karya doka. Kafin Amurka ta samu ƴancin kai a 1776, kusan kowane yanki na da lokacin da ya rufe farauta.

Kun ga ke nan doka ba ta makara ba. Shekara 250 ta yi a rubuce, barewa kuwa na ta ƙarewa. Dalili shi ne barewa ta zama kuɗi. Masu jima da maɗinka a Turai na neman fatarta don wando, safar hannu da bangon littafi. Daga tashar jiragen ruwa guda kawai, Savannah, an fitar da fatun bareyi kimanin 600,000 tsakanin 1755 da 1773. Fatar ta zama abin auna farashi a bakin daji, har masana harshe da yawa na ganin daga nan ne Ba'amurke ya samo al'adar kiran dalarsa da sunan namijin barewa, sunan da har yau ake ji a kasuwanninsu. Ƴan asalin ƙasar, waɗanda Turawa suka laƙaba wa suna Indiyawa, da can suna halbi ne daidai bukatar gida. Fatake suka riƙa ba su bindiga, tufafi da giya bashi, a biya da fata. Wanda bashi ya yi wa katutu ba ya tsayawa duba ko macen na da ciki.

A ƙarni na 19 abin ya ƙara muni. Jirgin ƙasa ya ratsa daji, aka ƙera taragu masu ƙanƙara da ke kai nama birni bai lalace ba, aka samu bindiga mai halbi a jere ba sai an sake ɗuri ba. Sai aka samu mutanen da ba su da wata sana'a sai kashe namun daji don kasuwa. Da dare su haska wa barewa fitila ta daskare a tsaye su halbe ta. Su sa karnuka su kora ta cikin tafki, su bi ta a kwalekwale. Lokacin sanyi su tarar da garke ya maƙale cikin dusar ƙanƙara su gama da shi. Gefe guda kuma ana sare daji ana mai da shi gona. Ba barewa kaɗai abin ya ci ba. Ɓaunar Amurka da ta kai miliyoyi ta koma ba ta fi dubu ba a ƙarshen shekarun 1880. Wata tattabarar daji da garkenta kan rufe rana in yana wucewa ta ƙare ƙaf: ta ƙarshe ta mutu a gidan ajiyar namun daji na birnin Cincinnati ranar 1 ga Satumba 1914.

Waɗanda suka fara tayar da murya, abin mamaki, mahalba ne. A watan Disamba 1887 Theodore Roosevelt, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, shi da wani ɗan jarida masanin dabbobi George Bird Grinnell, suka kafa ƙungiyar Boone and Crockett. Masu hali ne, masu farautar sha'awa, kuma sun ga abin sha'awar tasu na neman ɓacewa. Suka kafa wa membobinsu ƙa'idar da za mu iya kira farautar gaskiya: dabba ta kasance a sake cikin dajinta, da idonta da hancinta da ƙafarta, tana da damar tsira. Halbi da fitila, kashe wadda ke iyo, kashe wadda dusar ƙanƙara ta riƙe, kafa wa babbar dabba tarko, duk suka ce abin kunya ne, wanda ya aikata ana iya korarsa daga ƙungiya. Da farko kunya ce kawai tsakanin abokai. Daga baya suka bi ta majalisu, har a 1897 jahar Niyok ta hana farautar barewa da karnuka da kuma fitila a dazuzzukan Adirondack.

Akwai wani labari da ya yaɗa wannan ƙa'ida fiye da kowace doka. A Nuwamba 1902 Roosevelt, yana shugaban ƙasa, ya je farautar beya a jahar Misisipi, babbar dabbar nan mai gashi. Bai samu komai ba. Masu rakiyarsa suka kama wata da karnuka suka galabaitar, suka ɗaure ta a jikin icce, suka kira shi ya halba. Ya ƙi, ya ce wannan ba farauta ba ce, amma ya sa a ƙarasa ta don ta huta da wahala. Wani mai zane ya zana abin a jarida, labari ya bazu, kuma daga nan ne ƴar tsanar beya ta yara ta samo sunanta na Teddy, wato laƙabin shugaban.

Kunya na hana mai ƙoshi, ba ta hana mai neman kuɗi. Abin da ya karya ƴan kasuwar nama shi ne dokar da wani ɗan majalisa daga jahar Iowa, John Lacey, ya kawo, aka sa mata hannu ranar 25 ga Mayu 1900. Kafin ita, mutum sai ya kashe bareyi a jahar da ta hana, ya loda su a jirgi, da sun ƙetare iyaka shi ke nan, hukumar jahar ba ta da iko a can. Dokar Lacey ta mai da ƙetare iyakar jaha da naman da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba laifi ne a gaban gwamnatin tarayya. Jahohi kuma suka bi ɗaya bayan ɗaya suna hana sayar da naman daji gaba ɗaya. Niyok, wadda ita ce babbar kasuwa, ta rufe tata a 1911. Har yau a kusan duk jahohin Amurka kana iya halbin barewar daji ka ci, ka ba maƙwabci, ka yi sadaka da ita, amma ba ka da ikon sayar da namanta. Ranar da mai saye ya ɓace, mai kashewa don sayarwa ya nemi wata sana'a.

Saura a sake cika daji. A nan jahar Pensilbaniya ta zama abin misali. Ta kafa hukumar kula da namun daji a 1895, ta fara sayo bareyi daga jahar Michigan a 1906 tana sakinsu, a 1907 ta yi dokar da ta ce namiji mai ƙaho kaɗai za a halba, mace haramun. Hikimar a fili take ga duk mai kiwo: bunsuru guda ya ishi awaki da yawa, to haka namijin barewa. In ka cire wasu mazan ka bar mata, haihuwa ba ta raguwa. A 1913 ta fito da parmin farauta na dalar Amurka ɗaya, kuɗin na tafiya wajen biyan masu gadin daji da sayen filaye.

Maganar kuɗin nan ita ce gishirin labarin. A jahohi da yawa kuɗin parmi na shiga baitulmali ne, ƴan siyasa su karkata shi zuwa wani aiki, masu gadin daji su zauna ba albashi ba abin hawa. A ranar 2 ga Satumba 1937 shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a dokar da ake kira Pittman-Robertson, da sunan ƴan majalisa biyu da suka kawo ta. Harajin da ake karɓa a kan bindigogin farauta da harsasai aka keɓe wa namun daji kaɗai. Gwamnatin tarayya ta tara, ta raba wa jahohi, ta biya kashi 75 na kowane aiki, jaha ta cika 25. Amma da sharaɗi guda: jahar da ke son kuɗin sai ta yi dokar da ta hana taɓa kuɗin parmin farauta don wani aiki daban. Jumla guda ce a cikin dokar, ita ta toshe ɓarakar. Da wannan kuɗi aka sayi dazuzzuka, aka horar da masana, aka kama bareyi daga inda suka rage aka kai inda suka ƙare. A ƴan shekarun nan abin da ake rabawa yakan kai dalar Amurka miliyan dubu a shekara, wato miliyar guda. Mahalbi ya zama shi ke biyan mai gadin da zai kama shi in ya karya doka, kuma ya yarda, don ya ga daji na cika.

Gaskiya ba doka kaɗai ta yi aikin ba. A daidai wannan zamani mutane da yawa sun bar ƙauye sun koma birni aikin masana'antu, gonakin da aka bari suka koma kurmi mai ƙananan itatuwa, irin abincin da barewa ta fi so. An kuma riga an kashe kyarketai da manyan damisoshin dutse da ke cinta. Daji ya samu, maƙiyi ya kau, kasuwa ta rufe, sai haihuwa.

Daga nan kuma sai aka faɗa wata matsalar da ba wanda ya zata. A 1906 Theodore Roosevelt ya keɓe tudun Kaibab, a arewacin jahar Arizona, inda wata irin barewa mai manyan kunnuwa ta rage kimanin 4,000. Aka hana farautarta, ma'aikatan gwamnati suka bi namun da ke cinta suna kashewa. Zuwa 1924 garken ya cika ya batse. Ƙiyasin masu lura ya kama daga 30,000 har zuwa 100,000. Suka cinye ganye har iya inda bakinsu ke kaiwa. A watan Disamba na shekarar aka yi gayyar mutane, wasu bisa dawaki wasu a ƙasa da ƙararrawa, wai za a kora dubban bareyi su ƙetare babban kwazazzabon Grand Canyon zuwa wancan gefe. Barewa ba saniya ba ce, suka watse ta tsakanin masu korar, ko guda ba ta ƙetare ba. A sanyin shekarun da suka biyo dubbai suka mutu da yunwa. Masana na gardama har yau a kan adadin da kuma rawar da kiwon shanu da tumaki ya taka, amma darasin ya zauna: kowane daji na da iyakar bakin da zai iya ciyarwa. Makiyayinmu da ya ga fari ya san wannan ba sai an karanta masa ba.

Sai hukumomi suka dawo suna roƙon mahalba su halbi mata don rage garke, su kuwa mahalban da aka yi shekaru ana koya musu cewa kashe mace abin kunya ne suka ce ba su san zancen ba. A Pensilbaniya, da aka buɗe farautar mata a faɗin jaha a 1928, an yi ta hayaniya, masu filaye na kafa alluna suna hana shiga. Aldo Leopold, malamin da ya rubuta littafin farko na ilimin kula da namun farauta a 1933, ya sha zagi a jaharsa ta Wisconsin saboda ya goyi bayan irin wannan mataki a 1943. Daga wannan rikici aka koyi cewa dokar farauta ba a yanke ta sau ɗaya a ajiye. Sai an ƙidaya dabba kowace shekara, a duba abincinta, sannan a faɗi nawa za a cire, maza nawa, mata nawa, a wane yanki.

To yau yaya mahalbin barewa ke fita a Amurka? Kafin a ba shi parmi na farko sai ya yi karatun riƙon bindiga da dokokin daji. Niyok ce ta fara tilasta wannan a 1949. Lokacin farauta a kaka ne zuwa farkon sanyi, sa'ad da ƴaƴan da aka haifa suka isa yaye, kuma akwai ranakun masu baka daban, na masu bindiga daban. A yawancin jahohi halbi na farawa rabin awa kafin fitowar rana, ya ƙare rabin awa bayan faɗuwarta. Haska fitila laifi ne, halbi daga cikin mota ko daga bisa titi laifi ne. Zai sa riga mai launin ruwan goro mai haske don kada wani mahalbin ya ɗauke shi dabba. Kowace barewa da aka yarda ya kashe tana da ƴar takardarta; da ta faɗi zai cike takardar ya ɗaura mata, sannan ya sanar da hukuma, ta haka ake sanin adadin da aka cire. Jahohi da yawa na hukunta wanda ya yanke kai don ƙaho ya bar nama ya ruɓe. Wanda aka ƙwace wa parmi a jaha guda kuwa, akwai yarjejeniyar da ta sa kusan duk sauran jahohin ma su hana shi.

Bayan doka akwai abin da suke koya wa ƴaƴansu wanda ba ɗan sanda a ciki. Kada ka halba sai ka tabbatar da abin da kake gani da abin da ke bayansa. Kada ka halba daga nesan da ba ka da tabbacin samu. Ka nufi bayan ƙafar gaba, wajen huhu da zuciya, don dabba ta mutu nan take. In ka ji mata rauni ta gudu, bin jininta ya zama wajibi a kanka ko da zai kai ka dare. Ka nemi izinin mai fili. Wannan tarbiyya ba baƙuwa ba ce a wurinmu: Musulunci ya hana mai da abu mai rai abin gwajin saiti, ya yi umurni da kyautata yanka, ya kuma hana farauta ga mai harami da cikin haramin Makka.

Kada mu ɗauka labarin duka zuma ne. Dokokin nan sun faɗa a kan ƴan asalin ƙasar, waɗanda suka rayu da barewa dubban shekaru ba ta ƙare ba. A 1896 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a kan wani mutumin ƙabilar Bannock mai suna Race Horse, wanda ya kashe manyan bareyi bakwai a jahar Wyoming yana dogaro da yarjejeniyar da gwamnati ta yi da ƙabilarsa. Kotu ta ce dokar jaha ta shafe alkawarin. Sai a 2019, bayan shekara 123, kotun ta juya baya ga wannan ra'ayi a shari'ar wani mutumin ƙabilar Crow. Yawan bareyin ma ya zo da nasa ciwon kai: motoci na karo da su fiye da sau miliyan ɗaya a shekara, suna cin amfanin gona da ƙananan itatuwa, ga wata cutar ƙwaƙwalwa da aka fara ganowa a jahar Colorado a 1967 tana yaɗuwa cikinsu, ga mahalban kansu na tsufa matasa ba su cika maye gurbinsu ba.

Ina labarin ya haɗu da mu? A wuri biyu. Na farko, kwana shida kafin a sa hannu a dokar Lacey, ranar 19 ga Mayu 1900, ƙasashen Turai masu mulkin mallaka, har da Faransa da Ingila, sun sa hannu a Landan bisa yarjejeniyar kare namun dajin Afirka. Ba ta fara aiki ba, sai wadda aka sake yi a 1933. Ta wannan hanya parmi, lokacin rufe farauta da keɓaɓɓen daji suka shigo mana, daga sama, a hannun baƙo. Alhali ƙasar Hausa na da nata tsari: Sarkin Dawa da Sarkin Baka, gidajen mahalba na gado, farautar gayya ta rani bayan amfanin gona ya shiga rumbu, da al'adar buɗin daji da aka sani a ƙasar Ƙonni da kwarin Maradi. Ba'amurke ya wayi gari yana ganin dokar tasa ce, da kuɗinsa take tafiya. Mahalbinmu kuwa ya daɗe yana ganinta dokar kumandan ce, ma'aikacin gandun daji kuma wanda ake ɓuya wa.

Na biyu ya fi ciwo. Mariri, wanda dajin Gadabeji mai hekta 76,000 a arewacin Dakoro ya kasance mazauninsa sa'ad da aka keɓe shi a 1955, an ayyana ya ƙare a dajin duniya baki ɗaya a shekarar 2000. Fari, bindigar zamani da mota mai shiga rairayi suka haɗu a kansa. Amma dubban marirai na nan da rai a manyan gandayen kiwo na jahar Teksas, cikin shingen waya, tare da adaks mai murɗaɗɗen ƙaho da babbar barewarmu ta sahara, inda masu kuɗi ke biya su halbe su. Amurkawa na gardama a kai: wasu na cewa kuɗin halbin ne ya sa ake kiwonsu har suka yi yawa, wasu na cewa dabbar da ke cikin shinge ba ta da damar tsira, kuma ƙungiyar Boone and Crockett ba ta lissafa dabbar da aka kashe cikin shingen da ba ya ƙetaruwa. Ko ma wa ke da gaskiya, dabbar dajinmu ce ta koma sai a gidan wani ake ganinta. A 2016 aka fara maido marirai dajin Cadi daga garken da aka tara a Abu Dabi, suka hayayyafa, har a ƙarshen 2023 aka cire su daga jerin waɗanda suka ƙare a daji.

Doka kam muna da ita. Dokar 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998 ta hana farautar dare, farauta daga cikin mota, kora da wuta, guba da makaman yaƙi, ta jera dabbobin da ba a taɓawa sam, ta kuma san da farautar gargajiya. In kun lura, kusan abubuwan da su Roosevelt suka kira abin kunya ke nan. An keɓe dajin Termit da Tin Tumma a 2012, kimanin murabba'in kilomita 97,000, amma binciken da aka yi a can a 2016 adaks uku kacal ya gani. A ɗaya gefen kuma ga raƙuman dawan Kure, da suka rage 49 a 1996, suka haura 600 cikin shekara ashirin da ƴan kai, har aka kai takwas Gadabeji a 2018. Bambancin Kure shi ne mutanen ƙauyukan wurin sun shiga cikin tsaron, sun kuma ga amfaninsa.

Abin da tarihin barewar Amurka ke nunawa ke nan. Takarda ta yi shekara 250 ba ta tsare ta ba. Ta fara aiki da aka rufe kasuwa, aka ɗaure kuɗin tsaro yadda ba mai karkata shi, aka riƙa ƙidaya, mahalbi kuma ya ga cewa abin da ya bari bana shi zai tarar baɗi. A wurinmu kasuwar ba ta da nisa: mai sayen kilishin barewa a ɓoye, da mai son a kawo masa ɗan barewa ya yi ado da shi a tsakar gida, alhali sau da yawa sai an raba shi da uwarsa da bindiga ko an gajiyar da su da babur. Hausawa na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kada mu bari jikokinmu su gaji karin maganar su rasa dabbar.

Dattawanmu mahalba da ke biye da mu, ku faɗa mana ƙa'idojin da kuka gada a garuruwanku: wane wata ake buɗe daji, wace dabba ce ba a halbi, kuma yaushe rabonku da ganin barewa a dajinku. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raya mana dajinmu. Sai mun haɗu a tarihi na gaba.